Kara da Zangarniya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gonar gero a Kuki ko a ƙauyukan Kurfi lokacin kaka ya san yadda rabon yake tafiya. Zangarniya ake yankewa a ɗaure dami a kai rumbu. Ita ake ƙirgawa, ita ake fitar wa zakka, a cikinta ake zaɓen mai kyau a rataye don irin baɗi. Shi kuwa kara, wanda ya ɗauke ta a kansa tun tana bununi har ta nuna, yana shan dukan iska da ruwa, sai a kwantar da shi a ƙasa. In ya yi sa'a ya zama darni, in bai yi ba ya ƙare a murhu ko a bakin shanu. Ba a taɓa jin an tambayi manomi kara nawa ya samu bana ba.

Na kawo wannan ne domin in shiga wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a zuci, wadda kuma nake ganin ta shafi duk mai hulɗa da alƙalami da takarda. Shin ilimin da mutum ya sha wahala ya samo nasa ne, ya ɓoye in ya ga dama, ko kuwa haƙƙi ne a kansa ya zuba shi a rumbun da kowa zai ɗiba, har da wanda bai sani ba, har da wanda ba zai taɓa gode masa ba? In kuma an zuba, wa zai zama karan da zai ɗauki nauyin? Mai karatu ya yi mini haƙuri, hanyar da zan bi ta ɗan yi zagaye, don sai mun biya ta wurin wata 'yar halitta da ido ba ya gani.

A shekarar 1935 wani masani ɗan Amurka mai suna Kenneth Raper ya bayyana wa duniya wata halitta da ya samo cikin ruɓaɓɓen ganye a wani daji na jihar Karolina ta Arewa. Ya raɗa mata suna Dictyostelium discoideum, sunan da su kansu masu nazarinta suka ji ya yi musu nauyi a baki, suka gajarce shi zuwa Dikti. Mu ma haka za mu kira ta. Turawa suna lissafa ta cikin abin da za mu iya cewa hunhuna mai yauƙi, amma in an bi diddigi ba hunhuna ba ce, ba tsiro ba ce, ba kuma dabba ba. Amiba ce, wato ƙwayar rai guda ɗaya tak wadda sai da madubin likita ake ganinta, tana rarrafe cikin danshin ƙasa tana haɗiyar bakteriya. Danginta suna nan birjik a ƙasar dazuka da gonaki a sassan duniya da dama.

Muddin akwai abinci, kowace harkar gabanta take yi. Ta ci, ta ƙoshi, ta rabu biyu, babu ruwanta da maƙwabciya. Sai ranar da abinci ya ƙare, to a nan abin al'ajabin yake. Waɗanda yunwa ta fara kamawa sai su riƙa sakin wani sinadari a kai a kai, tamkar mai kaɗa gangar gayya. Wadda ta ji sai ta matsa wajen da kiran ya fito, ita ma ta saki nata domin na bayanta su ji. A 1967 aka gano ko wane sinadari ne wannan, a ɗakin binciken John Bonner na Jami'ar Princeton, mutumin da ya shafe fiye da shekara 60 yana kallon wannan halitta bai gaji ba. Cikin 'yan sa'o'i sai ka ga sun kwararo kamar ƙoramu bayan ruwan sama, wani lokaci har su 100,000, sun dunƙule sun zama jiki ɗaya mai kama da 'yar tana, tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba. Wannan jiki yana tafiya, yana bin haske da ɗumi, har ya fito sarari. Daga nan sai ya tsaya ya miƙe sama. Kusan kashi 20 cikin 100, waɗanda suke kan gaba, sai su sandare su mutu su zama siririn kara. Sauran kashi 80 su hau ta kansu, su taru can a ƙoli su zama iri mai jure fari, suna jiran ƙwaro ko wata dabba ta goge su ta kai su inda akwai abinci. Duk wannan cikin kwana ɗaya da wuni bai cika ba, kimanin sa'a 24.

Masana ba don nishaɗi kawai suke kiwonta ba. Yadda take shinshinar sinadari ta bi shi, haka fararen ƙwayoyin jininmu suke bin sawun cuta a cikin jiki, kuma yadda take haɗiyar bakteriya haka su ma suke yi. Saboda haka akan ba ta dangin ƙwayar tarin fuka a ga yadda za su kwashe, maimakon a fara da jikin mutum. Ga ta da sauƙin kiwo, ba ta cin kuɗi kamar ɓera.

A 2005 wata ƙungiyar masana daga Jamus da Ingila da Amurka da wasu ƙasashe ta wallafa cikakken kundin gadon Dikti a mujallar Nature. Kundin gado shi ne rubutun da ke cikin kowace ƙwayar rai, wanda ke ɗauke da umarnin yadda za ta kasance, kuma da haruffa huɗu kacal aka rubuta shi. Na Dikti ya kai haruffa miliyan 34, a ɗauri shida, ɗauke da umarni kusan 12,500. Ɗan'uwa marubuci ya auna da kansa: in shafi ɗaya yana cin haruffa 2,000, littafi ne mai shafi 17,000, babu aya, babu waƙafi, babu tazara tsakanin kalmomi, babu kuma lambar shafi. Wanda aka miƙa wa irin wannan littafi an ba shi komai, amma ba a ba shi komai ba.

Wannan ya sa aka gina masa rumbun bayanai a intanet mai suna dictyBase, a Jami'ar Northwestern da ke Shikago, ƙarƙashin jagorancin Rex Chisholm. Ko ginin ma ba daga tushe suka fara ba, aron tsarin suka yi daga wurin masu rumbun yis na Jami'ar Stanford. Aikin da aka ɗora wa ma'aikatan rumbun shi ne su zauna su karanta duk takardar binciken da wani ya wallafa a kan Dikti, a ko'ina yake, su tsamo abin da ya gano, su je su liƙa shi a daidai gurbin umarnin da ya shafa. In mutum biyu sun ba abu ɗaya suna biyu, su daidaita. In na'ura ta yi kuskure wajen nuna inda wani umarni ya fara da inda ya ƙare, su gyara da hannu. Haɗe da rumbun akwai ma'ajiyar iri, wadda aka fara a Jami'ar Kolombiya ta Niyok a 2002 kafin a mayar da ita Shikago, inda ake daskarar da nau'o'in Dikti da masana suka aiko, a kuma aika wa duk mai bincike da ya nema. Wanda ya ɗiba ya gano wani abu, sunansa ne zai hau kan takarda, shi za a gayyata taro, shi za a ƙara wa girma. Waɗanda suka share shekaru suna tsintar tsakuwa a cikin hatsin, da ƙyar ake ambatonsu a layin godiya. Ga zangarniya, ga kara.

Kada a ɗauka wannan buɗe ƙofa haka ta faɗo daga sama. Sai da aka kai ruwa rana. A watan Fabrairu na 1996 shugabannin aikin karanta kundin gadon ɗan Adam suka taru a tsibirin Bamuda suka yi alkawarin duk abin da suka karanto za su zuba shi a rumbun kowa da kowa cikin sa'a 24, tun kafin su kansu su gama fahimtarsa. John Sulston na Ingila yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan haka, a daidai lokacin da wasu kamfanoni suke rige-rigen yin rajistar mallakar sassan kundin. Rigimar ba ta lafa ba sai a 2013, da Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa abin da aka tarar a halitta ba a yi masa rajistar mallaka.

To, bari mu koma ga Dikti, don ita ma tana da nata 'yan cima-zaune. A shekarar 2000 Joan Strassmann da David Queller, suna Jami'ar Rice a lokacin, suka gauraya zuriyoyi daban-daban da aka ɗebo daga daji, suka bar su da yunwa. Sai suka tarar a gauraye da yawa akwai zuriyar da ke zamewa daga aikin kara, ta cika zangarniya da 'ya'yanta, ta bar wa ɗayar mutuwa. An kuma samu wata wadda ta ƙware a wannan zamba har ta kai in aka bar ta ita kaɗai ba ta iya miƙewa, domin babu mai yarda ya zama kara a cikinsu. A 2011 aka yi gwajin da ya nuna ƙarshen lamarin: in aka yi ta cakuɗa su zuriya bayan zuriya yadda kowace za ta riƙa tashi cikin baƙi, masu zamba suna ta yawaita, iya tsayar da kara kuma yana ta raguwa. Me ya hana haka faruwa a daji? Zumunta. Da aka bincika zangarniyoyin da aka samo a daji, sai aka ga galibinsu 'yan zuriya ɗaya ne. An ma gano wasu alamomi a fatar kowace ƙwaya da take gane 'yar'uwarta da su, in ta ji baƙuwa ce sai ta ja jiki. Ashe dai ita Dikti ta yarda ta mutu, amma don nata.

Akwai wani abu kuma da ya kamata masu son ɗaukar wa'azi daga wannan halitta su sani. An gwada an gani, in aka haɗa ƙwayoyin da suka taso cikin ƙoshi da waɗanda suka taso cikin ƙaranci, masu ƙarancin ne suka fi ƙarewa a kara. Wato ba taro aka yi jarumai suka ɗaga hannu ba. Mai ƙaramin ƙarfi aka tura gaba. Shi ya sa ba na jin daɗin in ji ana cewa mu yi koyi da tururuwa ko zuma ko wata halitta. Su ba su da zaɓi, saboda haka ba su da lada ba su da laifi. Abin da za su iya yi mana shi ne su nuna mana siffar matsalar, warwarewar kuma tamu ce.

Siffar matsalar kuwa mun san ta tun kafin a ƙera madubin likita. Maɗori da ya gaji ɗorin karaya, da maƙeri, da wanzami, da masunci, da mai maganin maciji, kowannensu yana da laƙanin da ba ya faɗa wa kowa sai ɗansa, ɗan ma sai wanda ya yarda da shi, shi ma sai ƙarfi ya fara ƙarewa. Ban ga dalilin zaginsu ba. Mutumin da ba shi da albashi, ba shi da hukumar da za ta kare masa haƙƙi, sirrinsa shi ne gonarsa, kuma ba a ce wa mutum ya raba gonarsa a kasuwa. Dabararsa ita ce dabarar Dikti, naka sai naka. Amma a dubi abin da wannan dabara ta jawo mana. Duk garin da ka shiga za a ba ka labarin wani tsoho da ya san maganin kaza, ɗansa ya tafi birni ko ya riga shi rasuwa, aka binne shi da abinsa. Ilimin da zumunta kaɗai ke ɗauke da shi, ranar da zuriya ta yanke shi ma ya yanke. Ba a kuma gwada shi a fili balle a gane inda yake da gaskiya da inda yake da kuskure, domin abin da ba a gani ba ba a gyara shi.

A ƙasar Katsina muna da misalin ɗaya ɓangaren. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi ya tafi aikin hajji ya zauna a Alƙahira, a can ya rubuta littafinsa kan lissafin hatimi a 1732, a can kuma ya rasu a 1741. Littattafansa ya bar wa mai masaukinsa, Hasan al-Jabarti, mutumin da ba su haɗa jini ba, ba su haɗa gari ba. Yau masu tarihin lissafi a duniya suna ambaton sunansa da sunan Katsina. Tsakaninsa da mu akwai masu kwafa da hannu, da masu kaɗe ƙura, da masu rubuta jerin sunayen littattafai a ɗakunan ajiya, waɗanda ba wanda ya damu da sanin sunansu. Karin maganar da na faro ɗazu ai tana da ƙarashe, daɗin zama sai bare.

A nan nake ganin girman abin da masu rumbun bayanai suka ɗauko. Sun yi niyyar yin abin da Dikti ba ta iya ba, wato a tsayar da kara ɗaya tsakanin waɗanda ba dangin juna ba. Ɗalibin ilimin halittu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, in ya buɗe irin waɗannan rumbuna a wayarsa, haruffan da zai gani su ne waɗanda farfesa a Landan zai gani. Ba za a tambaye shi ɗan gidan wane ne ba.

Sai dai akwai masu ja, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Suna cewa in an buɗe rumbu ga kowa, mai babban buhu da jaki shi zai kwashe, mai ƙoƙo ya tashi da abin da ƙoƙo ya ɗauka. A farkon 2007 Indunusiya ta daina aika samfurin murar tsuntsaye ga Hukumar Lafiya ta Duniya, bisa hujjar cewa ana karɓar samfurin kyauta daga jikin matattunta, kamfanoni su yi rigakafi da shi, sannan a sa masa kuɗin da ita ba za ta iya saya ba. An yi mata ca, amma tirjewar tata ce ta kai ga yarjejeniyar rabon amfani a 2011. Na kusa da mu ya fi ciwo. A watan Nuwamba na 2021 masana a Botswana da Afirka ta Kudu suka gano sabon nau'in korona da aka sa wa suna Omikron, suka zuba haruffansa a rumbu nan take, suka sanar da duniya. Tukuicin da suka samu shi ne cikin 'yan kwanaki ƙasashe suka rufe wa yankinsu ƙofa. A farkon Disamba Ingila ta ƙara da Nijeriya a jerin, duk da cewa cutar ta riga ta bazu a Turai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya ga haka ya ce gobe ba zai faɗi abin da ya gano ba, da wane baki za a ba shi laifi?

Na daɗe ina juya wannan hujja, abin da ya tsayar mini da hankali kuwa wake ne. Manomin yankinmu ya san ƙuduji, ya san yadda yake maƙale wa saiwa ya tsotse shuka har ta ƙanƙance. Akwai wani irin wake da masu bincike na cibiyar IITA suka fitar, lambarsa IT97K-499-35, wanda aka saki ga manoman Nijeriya a 2008 da sunan SAMPEA 10, kuma abin da aka san shi da shi shi ne ƙuduji ba ya kama shi da sauƙi. Wannan juriya daga ina ta zo? Daga wani waken gargajiya na Botswana da aka adana da lamba B301. Wasu manoma can kudancin Afirka, waɗanda ba su taɓa jin sunan Katsina ba, su suka yi ta ajiye wannan iri kaka da kakanni. Wani ya karɓa ya kai ma'ajiya, wani ya rubuta shi a kundi, wani ya gwada ya ga abin da yake iyawa, wani ya aura shi da namu. Da a ce a wannan sarƙa mutum ɗaya ya ce naka sai naka, da ba ta iso gare mu ba. Daga baya kuma, a 2019, da masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Kalifoniya ta Riverside suka wallafa kundin gadon wake, wannan irin namu suka karanta, suka zuba a rumbu. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, don haka ba wanda ya fi mu buƙatar abin da ke ciki. Haka kundin dawa da ya fito a 2009, da na gero a 2017.

Saboda haka ni dai ra'ayina, rufewa ba ta fisshe mu. Mai ƙarfi in an rufe masa ƙofa yana da kuɗin da zai sayi mabuɗi ko ya gina nasa rumbun. Talaka ne rufewa take kashewa. Abin da ya dace a yi faɗa a kansa shi ne sharuɗɗan buɗewar, kada ya zama kullum mayunwaci ne kara. Duniya ta fara jin wannan kira, ko da a hankali. An yi yarjejeniyar Nagoya a 2010 kan rabon amfanin albarkatun halitta, sai aka lura ta fi ƙarfi a kan iri da ganyen da ake ɗauka a jaka, alhali yanzu haruffa kawai ake buƙata, su kuwa ba sa bi ta kan iyaka balle jami'in kwastan ya tare su. A watan Nuwamba na 2024, a birnin Kali na ƙasar Kolombiya, aka amince da kafa asusun da manyan kamfanoni masu cin riba daga waɗannan haruffa za su riƙa zuba wani kaso, rabin kuɗin kuma ya tafi ga al'ummomin da suka adana albarkatun. Ba a ɗaure kamfanonin da igiya mai ƙarfi ba, kuma mun san halin alkawarin da ba shi da mai karɓar bashi. Duk da haka an dai furta a gaban duniya cewa akwai bashi.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne kyauta ma tana da mai biya. Rumbun bayanai ba dutse ba ne da za a ajiye a dawo a tarar. Yana cin wuta, yana cin albashi, in aka bar shi shekara biyu ba mai kula sai ya zama kamar rumbun da gara ta shiga, daga waje lafiya lau. Hukumomin da ke ba da kuɗin bincike kuma sun fi son sabon abu da za a yi shela a kansa, ba sa son biyan mai shara. Rumbun wani ɗan tsiro da masana ke nazari da shi, mai suna TAIR, ya ga haka: da tallafin gwamnatin Amurka ya ƙare, tsakanin 2013 da 2014 dole ya koma karɓar kuɗin rajista daga jami'o'i da kamfanoni. A 2016 aka sanar da masu manyan rumbunan ƙuda da tsutsa da ɓera da yis cewa za a rage musu kuɗi, su haɗe aikinsu wuri guda. In haka ta samu manya, mai karatu ya ƙiyasta zaman ɗar-ɗar da ƙananan rumbuna irin na Dikti suke yi, su da masu amfani da su ba su da yawa.

Mu fa, ina muka tsaya? Da sauƙi mu ce an zalunce mu, kuma akwai gaskiya a ciki. Sau da yawa rijiya ta ba da ruwa guga ne ya hana: ba wuta, kuɗin data ya yi tsada, komai da Turanci aka rubuta, ɗakin gwajin kuma ba kayan aiki. Mutanen Dutsin-Ma ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan, su da aka gama musu madatsar ruwa ta Zobe tun 1983, suka yi shekaru masu yawa suna kallon ruwa a tare ba a ja shi zuwa gidaje da gonaki yadda aka tsara ba. Tara abu daban, isar da shi daban. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In muna ɗiba, a tambaye mu me muka zuba. Kuma ba a ce ba za mu iya ba. A watan Maris na 2020 cibiyar da Christian Happi ke jagoranta a Jami'ar Redeemer's da ke Ede, tare da abokan aikinta na Legas, ita ta fara karanta kundin ƙwayar korona a duk faɗin Afirka, ta kuma zuba shi a fili kowa ya gani.

Ba kuma sai mai na'urar miliyoyi ne yake da abin zubawa ba. Haruffa su kaɗai, kamar yadda muka gani, littafi ne marar aya. Abin da ke ba su daraja shi ne bayanin da ke rataye da su: daga ina, a wace ƙasa, wa ya ajiye, me yake iyawa. Galibin Diktin da ake kiwo a ɗakunan bincike na duniya jikokin wadda Raper ya ɗebo ne, kuma har yau lambar kakarsu NC4, haruffan farko na sunan jihar da aka samo ta, tana biye da su shekara 90 bayan nan. Waken Botswana kuwa ya iso gonakinmu, amma sunan waɗanda suka ajiye shi bai biyo shi ba. Tsakanin baƙin juna, inda babu jinin da zai sa a yi wa juna adalci, suna shi ne mafi ƙarancin abin da ake bin mutum, kuma shi ne shaidar da za a riƙe ranar da aka zo rabo.

Wannan aiki ne da mai littafin rubutu da biro zai iya. A Kuki da kewayenta akwai gidajen da ke rataye da zango da maiwa da kaura da farfara, da wake irin su ɗan ila da kanannado, da wasu da sunansu bai taɓa hawa takarda ba. A zauna da mai iri, namiji ko mace, a rubuta yadda yake kiransa, wurin wa ya gada, a jigawa yake yi ko a fadama, kwana nawa yake nuna, yaya tuwonsa, yaya harawarsa, wanne ya tsaya a farin 1973 da na 1984, wanne ya faɗi. A rubuta sunansa a sama da izininsa, a karanta masa ya ji, a bar masa kwafi ɗaya a gidansa, a kai ɗaya ɗakin karatu na jami'a ko na kwalejin Isa Kaita, inda wanda ba ɗan gidan ba zai iya buɗewa. In akwai abin da ya ce kada a rubuta, a bar masa. Yaron da ya riƙe fartanya da hankalinsa a farin 1973 yau ya doshi shekara 70, waɗanda suka zaɓi irin da aka shuka a shekarar da ta biyo baya kuwa kaɗan ne suka rage.